Rasuwar Malam Mika Wusasa da Kwalba ta Bakwai

ƘUNGIYAR MASU SHA'AWAR HOTON FIM TA NASSARAWA, KANO

Saƙon ta'aziyya ga iyalan marigayi, tare da roƙon gaggawa ga jama'ar Kano da Jigawa

Cikin alhini mai nauyi, da fargabar da har yanzu ba ta sake mu ba, Ƙungiyar Masu Sha'awar Hoton Fim ta Nassarawa, a ƙarƙashin jagorancin Shugabarta, Barista Loretta Oliver, da Mataimakinta, Injiniya Mahmudu Badawa, da ɗaukacin 'yan Kwamitin Gudanarwa, tana sanar da 'ya'yanta, da abokan arziki, da sauran jama'a, mummunan labarin rasuwar Uban Ƙungiya kuma wanda ya kafa ta, malaminmu, dattijon arziki, Malam Mika Ayuba Wusasa, tsohon malamin labarin ƙasa kuma dattijo a majami'arsa, wanda Allah ya karɓi ransa da yammacin ranar Laraba, 14 ga watan Agusta, a gidansa da ke Nassarawa G.R.A., yana da shekara saba'in da ɗaya a duniya. Ya bar maiɗakinsa, Malama Tamar Mika, da 'ya'ya biyu, Dokta Calvin da Malama Amanda, da jikoki huɗu.

Kafin in ci gaba, ni Ashiru, kakakin Ƙungiya, ina roƙon duk ma'aikacin gidan rediyon da wannan takarda ta faɗa hannunsa, don girman Allah, kada ya tsaya a sakin layi na farko kamar yadda aka saba yi da sanarwar rasuwa. Ya karanta ta har ƙarshe. Abin da ya kashe Malam yana cikin kwalba, kwalaben bakwai ne, mun karɓo shida. Ta bakwai tana cikin jakar wata 'yar ƙungiyarmu, Malama Yusra Hamisu Gama, malamar firamare mai shekara ashirin da tara, wadda take can wani wuri a ƙauyukan bakin kogin Haɗejiya, babu waya a hannunta, ba ta san Malam ya rasu ba, ba ta kuma san abin da take ɗauke da shi ba. Wannan ne ya sa saƙon ta'aziyyarmu ya yi tsawo, ya kuma ƙunshi maganganun da ba a saba sawa a irinsa ba.

Marigayi Malam Mika ya zo Kano daga Zariya a shekarar 1979 don koyarwa, ya yi shekara talatin da biyar yana riƙe da alli, kuma a shekararsa ta biyu ya sayi kyamararsa ta farko a hannun wani malami baƙo da zai koma ƙasarsu. Lokacin da duniya ta koma hoton waya, shagunan wankin hoto suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, shi Malam sai ya shiga bin su yana tsintar abin da suke zubarwa: injin faɗaɗa hoto da aka jefar a bayan shago, farantan wanki, agogon ƙirga daƙiƙa, gilasan kyamara da danshi ya ci. Ya kai su ɗakin baya na gidansa, ya toshe tagogi, ya mai da shi ɗakin duhu. A shekarar 2009 ya tara mu, mu biyar, a gindin mangwaron tsakar gidansa, ya ce tunda dai duk gari ana yi mana kallon masu taɓin hankali, gara mu haɗu mu yi haukan tare. Yau mu arba'in da ɗaya ne, Musulmi da Kirista, lauyoyi da teloli da 'yan fansho, kuma babu ko ɗayanmu da bai fara ganin hoto yana fitowa a farar takarda a cikin farantin Malam ba. Ni kaina, ranar da na kai masa kyamarar mahaifina bayan ta shekara goma a cikin durowar kaya, ya ɗaga gilashin ya duba a rana, ya ga funfunar da ta lulluɓe shi, ya dube ni, ya tambaye ni ko naman kaza nake nomawa a ciki. Sati uku ya yi yana goge ta, bai karɓi komai ba sai dai ya ci gaba da tsokanata da maganar har bana.

Aikin da ya fi so shi ne ɗaukar mutanen da suke riƙe da wannan unguwa amma ba a ganin hotonsu a bangon kowane falo: masu gadi, da kuku, da direbobi, da masu ban ruwan fulawa, mutanen Katsina da Jigawa da karkarar Kano. Yakan sa mutum ya je ya saka kayan Juma'arsa, ya zaunar da shi a inuwa, ya ɗauke shi da natsuwa kamar wani hakimi, bayan kwana biyu ya kai masa hoton har bakin get don ya aika gida. A ƙofar ɗakin duhunsa kullum akwai buta da tabarma saboda mu, kuma in aka kira salla shi ne mai korar mu, ko da hoto yana tsakiyar faranti.

Malam mutum ne mai doka, kuma dole in faɗi biyu daga cikin dokokinsa don a fahimci abin da ya faru. Ta farko: a saman ƙofar ɗakin duhu, ta waje, akwai jan ƙwan fitila. In yana ci, ba a buɗe ƙofa, ba a ƙwanƙwasa, ba a kiran sunan wanda ke ciki, domin ɗan haske kaɗan ya isa ya ƙona aikin wata guda, kuma firgita mai aiki a duhu takan sa ya zubar da magani. Mun ɗauki wannan doka mun kai gidajenmu, mun koya wa matanmu da 'ya'yanmu, muna ma alfahari da ita. Ta biyu: wanda zai fita tafiyar ɗaukar hoto ya bar wayarsa a gida, domin a cewar Malam, wanda yake da waya a aljihu ba zai tsaya ya auna haske ba, ɗagawa zai yi ya ƙyasta ya wuce. Yawancinmu muna cin amanar wannan ta biyun a ɓoye. Malama Yusra ba ta taɓa yi ba.

Yanzu ga yadda abin ya kasance, kuma zan faɗe shi yadda yake, da nawa laifin a ciki.

A wankin hoto ana bi da takarda ta ruwa uku: na farko mai fito da hoto, na biyu mai tsami wanda ke tsayar da aikin na farkon, na uku kuma wanda muke kira fiksa, shi ne ke zaunar da hoton don kada ya baƙe in ya fito haske. Garin fiksa ya yi wuya a Kano tun bara. A ƙarshen watan Yuli na ji ana sayar da tarkacen wani tsohon shagon hoto da ya daɗe a rufe, na je, na tarar da wani babban gwangwani a liƙe, takardar jikinsa gara ta cinye ta, mai sayarwa kuma ya rantse mini fiksa ce, wai ya ga ana ɗiba a ciki tun yana yaron shago. Ni, Ashiru, da hannuna na ɗauki wannan gwangwani na kai wa Malam, ina murna kamar na tsinci zinare. Ban kai shi an gwada ba. Malam ya duba, ya ce ya yi kama. Shi kuma tun ciwon da ya yi shekara huɗu da suka wuce hancinsa ya daina jin wari, kowa a ƙungiya ya san haka, amma babu wanda ya tuna. Ya dama shi shi kaɗai. Malama Tamar ta ce ranar duk tsakar gida ya ɗauki wari, ta yi masa mita, ya yi dariya ya ce shekara arba'in tana wannan mitar. Ranar Asabar, 10 ga wata, a taronmu na mako, ya raba mana a kwalabe bakwai, kowace ya cika ta fal ya naɗe murfin da salatif, ya ce kada wanda ya buɗe sai tsohuwar fiksarsa ta ƙare, domin iska tana kashe ta. Ragowar ya ajiye wa kansa.

Ranar Laraba ya shiga ɗakin duhu bayan ƙarfe ɗaya na rana. Wuta ta ɗauke ba da jimawa ba. Jan ƙwan da injin faɗaɗa hoto suna kan batirin sola, sun ci gaba da aiki, amma fankar da ke zuƙe iska daga ɗakin tana kan wutar gari, ta tsaya. Ni na iso gidan ƙarfe biyu da rabi, na ga jan ƙwai yana ci, na zauna a benci a baranda. Malama Tamar ta kawo mini zoɓo, muka yi ta hira a kan jikokinta. Na ji warin, wallahi na ji shi, har na ce mata yau kuma Malam ruɓaɓɓen ƙwai yake soya mana, muka yi dariya. Mai kula da lambun gidan, wani dattijo mutumin Ɓaɓura da ake kira Bappa, ya zo ya tsuguna ya ce mini, Alhaji, tun ɗazu ya ji kamar faranti ya faɗi a ciki, kuma bai sake jin motsi ba, ko za a taɓa ƙofa? Na daka masa tsawa. Na ce shekara nawa yake a gidan nan bai san doka ba? Aka kira la'asar, na ɗauki butar nan, na shimfiɗa tabarmar nan, na yi sallata taku uku daga ƙofar da malamina yake kwance a bayanta. Sai da na sallame, Bappa ya dawo da diga a hannu, bai ko dube ni ba, ya ce a kore shi daga aiki in an ga dama, ya ɓalle ƙofar. Iskar da ta fito ta kayar da shi a nan take, ya yi ta amai, da ƙyar muka janye shi muka janye Malam. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa.

Awa ɗaya da minti hamsin na yi a kan bencin nan. Likita ya ce irin wannan iska a rufaffen ɗaki mintoci kaɗan take buƙata. Na tambaye shi, da an buɗe ƙofar lokacin da Bappa ya fara magana fa? Ya ce in dai yi haƙuri. Ƙungiya tana miƙa godiyarta ga Malam Bappa, wanda yanzu ya samu sauƙi, ni kuma na je har ɗakinsa na nemi gafararsa.

Masana da suka gwada abin da ya rage a gwangwanin sun tabbatar mana ba fiksa ba ce ko kusa. Wani tsohon sinadari ne da ake rina hoto da shi a da, kuma da zarar ya haɗu da ruwan tsamin nan na biyu, ko da ɗan abin da ya biyo jikin takarda ne, sai ya saki iskar guba. Abin tsoron shi ne, sun ce in ta yi yawa hanci yakan daina jin ta, mutum ya ɗauka ta wuce. Ke nan duk wanda ya tsiyaya wannan kwalba a faranti na uku, a ɗakin da ya toshe kowace kafa da hannunsa don kada haske ya shiga, ya yi daidai abin da Malam ya yi. Kuma haka kowannenmu yake aiki, haka aka koya mana.

Tun yammacin Laraba Barista Loretta da Injiniya Mahmudu suka shiga bin gidaje. Huɗu sun kawo nasu da kansu. Ɗaya a Kaura Goje aka same shi ya riga ya ɓare salatif ɗin, ya jera farantai, yana jiran matarsa ta gama wanka ya shiga banɗakin da yake mayarwa ɗakin duhu. Da aka gaya masa sai ya zauna a ƙasa. Tawa ce ta shida, tana bayan motata tun ranar Asabar, kasala ce kawai ta hana ni shigar da ita gida. Duk shidan suna hannun hukuma.

Malama Yusra ta bar Kano ranar Litinin, 12 ga wata, cikin hutun makaranta, don ɗaukar matan da ke bandar kifi a ƙauyukan bakin ruwa, aikin da ta shekara biyu tana yi. Ta ce wa ƙanwarta, Afrah, za ta yi kwana goma zuwa sha biyu. Wayarta tana kan firij ɗin mahaifiyarta a Gama, a kashe. Ba ta faɗi sunayen garuruwan da za ta bi ba, domin ita ma ba ta saninsu sai ta isa, inda aka ce mata akwai masu banda nan take nufa. Al'adarta kuma, irin ta malaminta, ba ta barin gari sai ta ba kowace mace hotonta a hannu. Don haka duk inda ta sauka takan roƙi a ba ta ɗaki maras taga, ko shago, ko ɗakin ajiyar hatsi, ta rataya bargo a ƙofa, ta cusa tsumma a kafar da ta rage, ta kunna 'yar tocila mai jar leda a baki, ta kuma gargaɗi masu gida da babbar murya cewa ko gobara ake yi kada a ɗaga mata bargon nan. Afrah ce ta taya ta haɗa kaya, ta kuma tabbatar mana kwalaben fiksa biyu ta saka: tsohuwarta, wadda abin da ke ciki bai kai rabi ba, da sabuwar ta Malam a matsayin ta ko-ta-kwana. Ran wannan baiwar Allah yana rataye ne a kan abin da ya rage a tsohuwar kwalbar, kuma babu wanda ya san yawan hotunan da take wankewa a rana.

Ga kamanninta ga duk wanda ya ji wannan sanarwa. Doguwa ce, baƙa, siririya, tana sa tabarau mai faɗi, yawanci da shuɗin hijabi da takalmin roba na damina. Tana ɗauke da babbar kyamara irin ta da, mai ƙafa uku, wadda ake lulluɓa da baƙin ƙyalle, don haka duk garin da ta shiga sai an taru an kalle ta, ba za a manta da ita ba. Kwalbar kuma ruwan ƙasa ce mai cin lita ɗaya, da zoben roba uku a wuyanta, da farin salatif da aka rubuta 10/8 a kai da jan biro. Muna roƙon masu girma hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, da limamai, da fastoci, da sarakunan ruwa, da masu tuƙa kwalekwale, da direbobin tasha, da ma'aikatan asibitocin karkara, daga Auyo zuwa Haɗejiya, zuwa Kiri Kasamma da Guri da duk abin da ke tsakani, su sa a yi shela a kasuwa da masallaci. Wanda ya gan ta ya karɓe kwalbar ko da ƙarfi ne, kada ya buɗe, kada ya zubar a ruwa ko a masai, ya ajiye ta a fili nesa da mutane da dabbobi, ya kira lambobin da ke saman wannan takarda. Wanda kuma ya tarar ta riga ta shiga ɗaki, kada ya saurari gargaɗinta, ya fizge bargon, ya ja ta waje.

Ƙungiya ta kuma ji maganganun da ake yaɗawa a waya tun ranar Alhamis, wai Malam kansa ya kashe, wai kuma aljanun hotunan da ya tara ne suka taso masa. Haba jama'a! Mutum yana kwance ba a ko binne shi ba, matarsa tana zaune ta kasa haɗiyar ruwa, ku kuna zaune kuna ƙaga masa mutuwa? Wanda yake da lokacin tura irin wannan shirme, ya tura hoton Yusra da kwatancen kwalbar nan, ya fi masa lada. Malam Mika kuskure ne ya kashe shi, kuskuren kuma namu ne, na riga na faɗi wanda ya ɗauko gwangwanin.

Kwamitin Gudanarwa ya zauna ranar Juma'a, ya kuma umarci kowane ɗan ƙungiya da ya rufe ɗakin duhunsa har sai an zo an duba hanyar iskarsa, ya kuma fito da duk wani gari ko ruwa da ba shi da takardar kamfani a jiki. An soke dokar jan ƙwai daga yau. Kowa ya tara iyalinsa ya gaya musu da bakinsa cewa in ya wuce minti goma sha biyar bai yi magana ba, a kira shi, in bai amsa ba a buɗe. An haramta sakata ta ciki. An soke dokar barin waya. Ban taɓa zaton zan sa hannu a takardar da ke rushe koyarwar Malam kwana uku da rasuwarsa ba, kuma na yi kuka a wurin zaman, ban ji kunya ba.

A madadin Shugaba, da Mataimakin Shugaba, da Kwamitin Gudanarwa, da dukan 'ya'yan wannan Ƙungiya na ciki da wajen Kano, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwarmu, Malama Tamar Mika, wadda ta shekara goma sha biyar tana haƙuri da hayaniyarmu a tsakar gidanta duk Asabar, tana ciyar da mu, tana kuma wanke tabon maganinmu daga tawul ɗinta; da Dokta Calvin Mika da Malama Amanda Mika da iyalansu; da dangin marigayi na Wusasa da Kaduna; da shugabanni da jama'ar majami'arsa; da dubban ɗaliban da suka bi ta hannunsa; da ma'aikatan gidajen wannan unguwa da suka yi ta zuwa gaisuwa da hotunansu a aljihu. Allah ya ba su haƙuri da ƙarfin zuciyar jure wannan babban rashi, ya sanyaya musu, ya tsaya musu a inda Malam yake tsaya musu, ya albarkaci abin da ya bari. Muna kuma roƙon iyalan su yafe mana, musamman ni. Malama Tamar ta ce mini ita ma a kan bencin take, kada in ɗauki kayan ni kaɗai. Na gode mata, amma ba ita ta tsawata wa Bappa ba.

Game da jana'iza, mutane suna ta tambaya. Dangi sun so a sa rana a mako mai zuwa a Wusasa. Malama Tamar ta ce a dakata, ba za ta iya tsayawa a bakin kabarin mijinta kunnenta yana kan waya tana jiran a ce mata ga wata gawar ba, sai ta ji muryar Yusra tukuna. Iyalai sun amince, za a sanar da rana daga baya.

Mun san ba a faɗa wa matafiyi mutuwa kai tsaye, balle ta rediyo, akan ce masa ne jiki ya yi tsanani ya zo gida. Mun yi shawara da mahaifiyar Yusra, Hajiya Sa'adatu, a kan haka. Ta ce ta san 'yarta, in aka ce mata ƙungiya ta ce kada ta yi amfani da maganin da Malam ya dama da hannunsa, cewa za ta yi ƙungiya ba ta fi Malam sani ba, ta tsiyaya abinta. Ta ce a faɗa mata gaskiya ƙiri-ƙiri, in ya so ta yi kukan a hanya.

Na riga na gama wannan takarda zan sa hannu, sai Injiniya Mahmudu ya kira ni da hantsin nan daga wani ƙauye gabas da Auyo, inda suka isa shi da Afrah bayan sun bar mota saboda ruwa ya yanke hanya. Sun samu gidan da ta sauka. Matar gidan, wata mai bandar kifi da ake kira Dije, ta ce kwana uku ta yi musu, ta ba matan garin su goma sha tara hotunansu, ta tafi jiya Juma'a da sassafe a kwalekwale, ta yi gabas, ba ta faɗi gari ba, ta dai tambayi mai kwalekwalen ko a can za a samu ɗaki maras taga. Da za ta tafi ta bar wa Dije kyauta, wata kwalba ruwan ƙasa da ta wanke tas, ta ce ta riƙa zuba kananzir. Afrah ta karɓa ta duba. Tsohuwar ce, babu komai a ciki.

Yusra, 'yata, in kina jin wannan ko wani ya kawo miki, Baba Ashiru ne. Malam ya rasu ranar Laraba, fiksar ran Asabar ce ta kashe shi, ita ce a jakarki, kuma ba ki da wata. Na san akwai matan da kika yi wa alkawarin hoto yau. Ki ba su haƙuri, ki ce za ki dawo. Kada ki ɓare salatif ɗin nan, ko don ki shinshina. Ki ari wayar kowa ki kira Hajiya, tun Laraba ba ta runtsa ba.

Sa hannu:

Alhaji Ashiru Mahmudu Kaura Goje
Sakataren Watsa Labarai kuma Kakakin Ƙungiya
Ƙungiyar Masu Sha'awar Hoton Fim ta Nassarawa, Kano
Asabar, 17 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na safe